Murfi Marar Huji

Tun da na dawo daga Amurka ban samu na sha ƙwarya ɗaya cikin kwanciyar hankali a gidan Ladi mai burkutu ba. Da zarar na kai baki, sai wani ya taɓa min gwiwa ya ce, "Ishaya, wai yaya can ɗin take?" In na fara, wanda ya zo a makare ya ce in koma farko. Shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa takarda, ni kuma in sha abina.

Autata Hannatu nas ce a wani gari da ake kira Greensboro, a jihar North Carolina. Can ta auri wani baƙar fatar ƙasar, malamin kimiyya a sakandare. Lokacin bikin an hana ni biza. Yaron ya aiko duk abin da aka yanka masa, akuya da gishiri da zannuwa, abu ɗaya kawai ya rage, wato tulun surukai. Ku mutanenmu kun sani, amma saboda baƙi bari in faɗa. A ƙauyenmu na bayan Kafanchan, mijin 'yarka sai ya kawo maka tulun burkutu da aka dafa a gidansa, ba na saye ba, ya durƙusa, ka sha ƙwaryar farko. Kafin wannan ranar ba ka kiran sunansa, ba kwa sa hannu a kwano ɗaya. Don haka shekarun nan duka, in mun yi waya da Hannatu, cewa nake, "Yaya mutumin gidanku?" Da ta haifi namiji aka sa masa sunana, sai ofishin jakadanci ya ji tausayina ya buga min hatimi.

Matata Asabe ta ce ita ba ta shiga abin da ba ya taka ƙasa. Kuma shugabar zumuntar mata ce a cocinmu, ko warin giya ba ta so. Ta ce in je in yi shirmena, ita babu hannunta. Amma ita ta shirya min jaka, ta zuba daddawa da kuka da kilishi, ni kuma na ƙara jar dawa a leda da ƙwarya biyu da na naɗe cikin babbar rigata. A can ƙasan jakar daga baya na tarar da muciya da wani sabon faifai, waɗanda ban san lokacin da suka shiga ba.

Ni da na ƙare ƙuruciyata a aikin reluwe, a motar haya na tafi Abuja, an matse ni tsakanin wata mai kaji da wani ɗan sanda mai barci. A jirgi kuma aka zaunar da ni kusa da wata Baturiya da ta rufe ido da ƙyalle tun kafin mu tashi, ban samu ko gaisuwa ba. Abincin da suka kawo, in da jikana na ba wa, da uwarsa ta ce na yi rowa.

A Atlanta muka shiga ƙasar. Ina tsaye a layi sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa sanye da riga, ya shinshina jakunkunan mutane ya wuce, da ya iso tawa sai ya zauna ya ƙura min ido. Wata jami'a ta sa safar hannu ta buɗe. Kilishi ya tafi. Dawa ta tafi, wai iri ne, ba a shigo da iri. Na ce mata ba shukawa zan yi ba, ta ce ta yarda da ni, ta jefa a kwandon shara. Da ta kwance ledar daddawa sai ta ja da baya, ta ɗaure da sauri, ta turo min abata da bayan hannu. Ƙwaryar kuwa ta juya ta, ta juya, ta tambaye ni ko hula ce. Na ce kwano ne. Haka na shiga Amurka da kwanon sha amma babu abin dafawa.

A filin jirgin Greensboro Hannatu ta durƙusa ta gaishe ni yadda aka koya mata. Ban gama sa mata albarka ba sai na ji wani dogon mutum ya rungume ni ya ɗaga ni har dugadugaina suka bar ƙasa. Na sandare kamar turken wayar lantarki. Ya sauke ni ya ce da Hausarsa ta koyo, "Sannu da zuwa, Baba. Yaya gajiya?" Na kalli Hannatu na ce ta gaya wa mutumin gidansu babu gajiya.

Masaukina ɗaki ne mai katifar da in ka kwanta sai ta haɗiye ka, da sanyin na'ura wanda ya sa na riƙa kwana da hula a tsakiyar bazararsu. Da safe suna dama wata farar masara, ba kunu ba ba tuwo ba, su sa mata man shanu. Naman alade kuwa sai su gasa shi har ya mutu sau biyu, su yayyage shi, su zuba masa ruwan tsami da sukari. Na ci, ban ce babu daɗi ba. Shayi ma da ƙanƙara suke sha, kuma ba wanda ya ga abin mamaki a ciki. Maƙwabta in sun gan ka sai su ɗaga hannu su yi murmushi har kunne, amma ba wanda ya tako ya ce sannu da zuwa. Ranar da aka zaga da ni wata unguwar masu hali da ake kira Irving Park, na ga gidaje manya-manya, ciyawa kamar an yi mata aski, babu ko mutum ɗaya a ƙofar gida, sai na tambaya ko rasuwa aka yi duk suka tafi.

Matsalar ta fito a teburin abinci. Su can kowa da kowa tebur ɗaya, suruki na kallon bakin suruki. Ni kuwa sai in ɗauki farantina in fita baranda. Mutumin gidan ya biyo ni da nasa farantin don kada in ji kaɗaici, sai in tashi in koma ciki. Haka muka yi ta zagaya gidan da faranti. Wata rana da safe bayan ya tafi aiki, Hannatu ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata da jaririn a cinya.

Ta ce, "Baba, jiya ya tambaye ni laifin da ya yi maka."

Na ce, "Ai kin san ba laifi ba ne. Tulu ne."

"Na yi masa bayani har na gaji. Shi ya taso babu uba a gida. Tun da muka yi aure yake koyon Hausa a mota don ranar da za ka zo. In ka koma ba ka kira sunansa ba, ni ban san abin da zan sake ce masa ba."

Ta share ido da gefen zanin goyo. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban yi wannan doguwar tafiya don in sa autata kuka ba. Amma kuma ba ni na kafa al'adar ba, ba kuma ni zan kashe ta a baranda ba. Na ce to, a dafa giyar a gidan nan kafin ranar komawata. Ta ce wa ya iya? Na ce ni, mutumin da ya fi shekara arba'in yana sha. Ban tsaya na tuna cewa duk shekarun nan a gindin mangwaro nake zama ba, matan kuma suna can bayan danga inda ake aikin.

Na nemo mataimaki, Yohanna, ɗan ƙauyen da ke gaba da namu, wanda muka yi firamare tare. Ya daɗe a can, yana aiki a wani ƙaton sito a hanyar Wendover. Shi ma gwani ne irina, wato ta wajen sha. Muka haɗu a tashar bas ta tsakiyar gari, tsohon ginin tashar jirgin ƙasa ne, na tsaya ina kallon layin dogo har ya ja ni da hannu.

Ya ce, "Ishaya, ka taho, ina da shift da yamma. Nan ba Kafanchan ba ce, ko gaisuwa sai da appointment."

Dawa muka fara nema. Ya kai ni shagon wata Hajiya 'yar Kano mai sayar da kayan gida, inda na ji ƙamshin manja da busasshen kifi har na ji kamar in zauna. Muka gaisa sosai, ta tambayi mutanen gida. Da muka ce jar dawa muke so, kuma duk abin da take da shi, sai ta dube mu ta saman tabarau.

Ta ce, "Baba, kunu za a yi?"

Yohanna ya ce, "Kunu ne, Hajiya. Na suna."

Ta ce, "Allah ya raya. Amma in kunun ya fara kumfa, kada a aiko min."

Ranar Asabar mutumin gidansu Hannatu ya ɗauke mu a mota zuwa shagon da ake sayar da kayan dafa giya a gida. Ashe a can sana'ar maza ce, kuma ba don kuɗi suke yi ba, don nishaɗi. Mai shagon wani Bature ne mai gemu har ƙirji da zane-zane a damatsa. Turancina na reluwe bai kama nasa ba, don haɗiye rabin kalma yake, sai surukin nawa ya zama tafinta. Wannan ma wani aiki ne, domin ni ba na yi masa magana kai tsaye. Sai in gaya wa Yohanna, Yohanna ya gaya masa, shi ya gaya wa mai gemu, amsar ta biyo hanyar ta dawo.

Mai gemu ya nuna mana kwalaye da aka haɗa wa masu farawa, komai da komai a ciki, ɗauka kawai za ka yi ka biya. Na ce a gaya masa ni ban taɓa sayen abu a rufe ba. A zazzage. Ya zazzage a kan tebur, muka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Tukunya muka fara. Na ƙwanƙwasa kowace da bayan yatsa ina kasa kunne, yadda uwata ke yi a kasuwar tukwane. Duk ƙarfe ne, duk kuka ɗaya suke, amma na yi kamar na ji bambanci, na zaɓi wadda ta fi girma. Mai gemu ya ce murhun kicin ba zai tafasa ta ba. Na ce duwatsu uku da itace za mu sa a filin da ke bayan gidan. Surukina ya gaya wa Yohanna cewa akwai kwamitin unguwa da ko ciyawarka ta yi tsawo sai sun rubuto maka, balle hayaƙi. Aka kawo wani murhun gas mai ƙafa uku wanda suke soya talotalo a kai lokacin bikinsu. Ƙafafun uku ne suka sa na yarda.

Sai wata ƙatuwar kwalba mai siririn wuya, wai a ciki giya ke kwana. Na ce ta ina ludayi zai shiga? Aka ture ta gefe. Sai dogon tiyo na zuƙo giya daga wannan mazubi zuwa wancan. Yohanna ya ce shi a gida masu satar fetur kawai ya sani da wannan, ba zai shiga da shi gidan mutunci ba. Kwalabe da abin matse musu murfi, na ce giyarmu da ranta ake shan ta, tana motsi a ƙwarya, ba a kulle ta a kwalba kamar maganin tari. Mai gemu ya ɗebo wani koren abu kamar kashin awaki, wai shi ke ba giya ɗaci. Na tauna ɗaya don ladabi. Shuwaka ba ta kai shi ba, kuma babu wurin tofarwa, dole na haɗiye.

Akwai kuma ma'aunai biyu na gilashi, ɗaya na zafi, ɗaya wai yana faɗin ƙarfin giya. Na ce na zafi yatsa ne, na ƙarfi kuwa sai mutum ya miƙe tsaye yake sani. Amma na ga yadda surukina ke juya na zafin a hannu yana kallonsa kamar yaro a gaban mai alewa, sai na ce wa Yohanna a bar masa wannan. Buhun tacewa na karɓa, don ya fi tsohon buhun gishirin da Ladi ke amfani da shi kyau. Maganin wanke kaya ban so ba, amma Hannatu ta riga ta ce in babu shi ba za a yi a gidanta ba, kuma ba a jayayya da nas. Yis ɗinsu a 'yar fakiti yake kamar na maganin ciwon kai. A gida ragowar tsohuwar giya ake zubawa, to a nan babu tsohuwa, sai muka ɗauka.

Abu na ƙarshe shi ne bokiti. Fari ne, na roba mai kauri, na yaba. Na ɗaga murfin sama ina dubawa sai na ga haske ta tsakiyarsa. Huji ne, zagayayye, yatsana ya shige. Na ajiye na ɗauki wani, shi ma haka. Na uku ma haka. Sai na gane an ga baƙo an ga tsoho.

Na ce, "Yohanna, gaya masa ya gaya masa, ni a Kafanchan ko mai rake ba ya sayar min da mai tsutsa."

Mai gemu ya ɗauko wani ɗan lanƙwasasshen bututu na roba, ya cusa a hujin, ya zuba masa ruwa kaɗan, yana ta bayani da hannu. Wai iska ke fita ta nan. Na ce to ai abin da nake gudu ke nan. Ƙarfin giya a iskar yake, in ya fita me za mu sha, ruwan dawa? Yohanna ya goyi bayana, ya ce shi ma tun da yake bai taɓa ganin tukunyar giya da hanci ba. Surukina ya buɗe baki, a karo na farko tun filin jirgi ya yi min magana kai tsaye.

Ya ce a hankali, "Baba, giya tana numfashi."

Na kalli Yohanna na ce a gaya wa mutumin gidansu Hannatu cewa tun ba a haife shi ba nake tare da ita. Ya sunkuyar da kai. Ya je ya yi magana da mai gemu, aka shiga ciki aka daɗe, aka fito da murfi lafiyayye marar huji, mai kamawa gam. Mai gemu ya miƙa min da hannu biyu, ya dubi surukina ya ce masa wani abu da ba a fassara min ba.

A aikin dafawar ne ni da Yohanna muka gane iyakar iliminmu. Mun san ana jiƙa dawa ta yi tsiro, mun san ana niƙa, mun san ana dafawa. Wanne ke gaba, wanne ke baya, kowa da nasa. Na buga wa Asabe waya. Ta ce ta riga ta gaya min babu hannunta. Na ce to shi ke nan, za mu niƙa tsiron yau da ɗanyensa.

Ta ce, "Ni ban ce komai ba. Amma wane marar kai ne yake niƙa tsiro bai shanya ba?"

Haka muka riƙa yi. In na rasa hanya sai in kira ta in faɗi abin da na san ba daidai ba ne, ita kuma ta zage ni da amsar. Da haka muka san dahuwa biyu ce, kuma tsakaninsu sai an bar ta ta kwana ta yi tsami. Dawa ta tsira a garejin mota a kan zannuwan gadon Hannatu. Injin markaɗenta ya yi hayaƙi ya mutu a wajen niƙa, aka sayo wani. Surukina ne ya yi ta tuƙi da muciyar Asabe a filin da ke bayan gidan, zufa na zuba, ni da Yohanna muna zaune a inuwa muna ba da umarni. Faifan kuwa Hannatu ta ga ya yi kyau, ta rataye shi a bangon falo. Abu ɗaya ne ban tambayi Asabe ba, wato murfi, don a kansa ba ni da shakka.

Aka tace, ta huce, aka zuba yis, na danna murfi da gwiwa. Washegari da safe murfin ya kumbura ya yi tozo. Na ji daɗi, na ce ga ƙarfi nan ya taru. Da rana gefe ɗaya ya ɗaga yana tsaki. Surukina ya zo ya tsaya a bakin gareji, ya dubi bokitin, ya dube ni, ya ce ko a ɗan sassauta. Na ce wa bango a kawo igiya. Ya kawo. Na ɗaure bokitin sama da ƙasa, irin ɗaurin da ake wa kaya a bayan babur.

Tunda ba a kawo wa mutum tulu a gidan da yake baƙo, sai muka mai da gidan Yohanna gidana na wannan rana. Bene ne a cikin jerin gidajen haya na Wendover. Mutanen cocinsu 'yan gida suka cika falon, mata da ankonsu. Fasto ya aiko cewa zai iso bayan an gama abin da bai kamata ya gani ba. Na sa babbar rigata fara, wadda na ajiye don wannan rana, na zauna a kujerar tsakiya da ƙwarya a gabana.

Bokitin ya sha rana a bayan mota, ya sha girgiza a hanya. Hannatu ta naɗa wa mijinta gammo da tawul, ya ɗora a ka, ya hau matakala da shi cikin kaftanin da ta ɗinka masa. Mata suka yi guɗa. Ya shigo, ya sauke a gabana, ya durƙusa. Ina jin bokitin yana wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na miƙa hannu zan kwance igiyar, don a al'ada uba ke buɗe tulu.

Ya riƙe igiyar da sauri ya ce, "Baba, don Allah. Ni."

Yohanna ya fara cewa ba haka ake yi ba. Kafin ya rufe baki, yaron ya juya bokitin, ya ba ni baya, ya rufa a kan bokitin da ƙirjinsa, ya ja ƙullin.

Na yi aiki kusa da injin jirgi, na san ƙara, amma wannan ta ba ni tsoro. Murfin ya daki haɓarsa ya wuce ya bugi silin. Giya ta tashi kamar an fasa famfon gwamnati. Ta wanke silin, ta wanke labule, ta sauko kan talabijin ɗin Yohanna da ɗankwalayen zumuntar mata. Wata 'yar na'urar gobara a silin ta fara ihu, jariri ya taya ta. Yohanna yana tsaye da hannu a ka yana cewa, "Kafet ɗin landlord, kafet ɗin landlord."

Da abin ya lafa na dubi jikina. Ɗigo biyu ne ko uku a hannun rigata. Shi kuwa daga gashin kai har gwiwa ja ne kamar an tsamo shi daga rini, leɓensa na jini, kuma bai tashi daga durƙuson ba. Ya juyo da bokitin ya karkata shi, ya tsiyaye abin da ya rage a gindi cikin ƙwaryata. Bai kai rabi ba. Ya ɗaga min da hannu biyu. A nan ɗan lanƙwasasshen bututun nan na shagon mai gemu ya faɗo daga aljihunsa.

Na ɗauka na juya shi. Na ce wa Hannatu, "Wannan fa?"

Ta ce, "Ya koma ya sayo shi tun ranar, da murfin mai huji. Suna cikin mota. Kullum sai ya ce yau zai roƙe ka."

"Ya san za ta fashe?"

"Baba, abin da yake koya wa yara ke nan a makaranta."

Na ce ta tambaye shi me ya hana shi canja murfin ina barci. Bai jira ta fassara ba. Ya haɗa 'yan kalmominsa ya ce, "Baba ya ce wannan. Ban taɓa samun baba ya ce ba."

Giya na ta ɗiga daga silin. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, ban san wanda ya fi yawa ba. Na karɓi ƙwaryar. Gaskiya giyar ba ta yi ba. Ta yi tsami fiye da kima, ga ƙauri, ga ɗan warin roba. In Ladi ta ba ni irinta, sai na nemi kuɗina. Na shanye tas, na kife ƙwaryar a ƙasa yadda ake yi.

Na ce, "Markus."

Ya ɗago kai.

Na ce, "Markus, ɗana, tashi ka wanke fuska ka zo mu ci abinci."

Hannatu ta juya ta fuskanci bango. Fasto ya shigo daidai lokacin, ya shaƙi iskar ɗakin, ya dubi silin, ya ce shi bai ga komai ba, a yi addu'a. Tuwon masara ne da miyar kuka, da daddawar da jami'ar Atlanta ta ƙi taɓawa. Kwano ɗaya muka sa hannu ni da Markus. Bai iya yanka loma ba, miya har gwiwar hannunsa, na riƙa tura masa nama gabansa.

Da na dawo gida na ba Asabe labari tun daga kare har silin. Ta saurara ba ta yi dariya ba sai da na kai ƙarshe. Ta ce, "Faifan da na sa maka fa?" Na ce yana bango, ya yi kyau ƙwarai. Ta dube ni ta daɗe, ta tashi ta shiga kicin, daga can na ji dariyar ta ƙwace mata. Da yamma na zo gidan Ladi, na leƙa bayan danga a karo na farko a rayuwata. Ga tukwane a jere, kowace da faifai a kanta, kumfa na fita ta saƙar a hankali.

Bututun yana aljihuna, duk mai son gani ya zo ya gani, amma ba na ba da aro. Ran Lahadi bayan coci wayata takan yi ƙara, Asabe ta duba ta ce mutumin gidansu Hannatu ne. Sai in ce mata yana da suna, ta miƙo min.